Burodin da Ba Ya Shiga Gidan Mai Shi

Kada wani ya ce yunwa ce ta kai mai burodin nan ga halaka. Yana da tanderunsa da ma'aikata huɗu, ga mata da 'ya ɗaya, ga mahaifiyarsa tana sa masa albarka. Abin da ya hana shi sakat motocin wani babban gidan burodi ne da ke giftawa ta ƙofarsa kowace safiya. In ya gan su sai zama ya gagare shi. Ya shiga, ya fito, ya yi wa mai kwaɓin fulawa faɗan da ba dalili.

Da tsakar rana ya je wurin boka, a wani kango bayan ma'aikatar da aka daɗe da rufewa. Ɗakin ba taga. An lulluɓe bango da jan ƙyalle, ƙahonni na reto ba iska, ga baƙar tukunya da jini ya bushe a bakinta. Rana na ƙuna a waje, ciki kuwa sanyi har ƙashi.

"Kasuwa kake so," in ji bokan, bai ko ɗago ba.

"Ita ce, Baba."

Bokan ya tsoma hannu a tukunyar, ya zaro wani ƙulli na fata yana ɗiga.

"Ka binne ƙarƙashin tanderu. Wanda ya ci naka ba zai ƙara neman na wani ba. Amma jininka kada ya ɗanɗana."

"Me zai sami wanda ya ci?"

"Ka san su?"

"A'a."

"To ina ruwanka?"

Zuciyarsa ta ce ya tashi. Har ya juya yana neman takalminsa, sai ya tsaya.

"Nawa dai ba za a taɓa su ba?"

"In ka tsare bakinsu."

Ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

Shekara ba ta zagayo ba sai da motocinsa suka cika titi. Ya gina bene, ya kuma kafa doka: burodi ba ya shiga gidan. Matarsa ta yi dariya ta ce, "Maigida, mu ne gidan mai burodi da ke shan shayi gaya?" Mahaifiyarsa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Abin da ba ka iya ba 'yarka, don me kake ba 'ya'yan mutane?" Ya ce likita ne ya hana, ya fice da sauri.

Labari ya fara zuwa. Masu saye suna ramewa, suna ci suna ƙara nema. Mai kwaɓi ya bushe kamar kara, ya mutu. Mai burodi ya je gaisuwa, ya dawo ya ƙara tanderu biyu. Amma ko a ofis ba ya iya zama, sai kai da kawo, yana goge tafin hannu a riga.

Ana haka aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti saboda ciwon ƙafa. Da ya je dubiya da safe, sai ya ga leda mai tambarinsa a kan gadon, ba komai ciki.

"Inna, kin ci?"

Ta nuna matar da ke gadon kusa. "Wannan baiwar Allah ce ta sam min. Ashe haka yake da daɗi. Na ba 'yarka sauran."

Ya dubi matar. Ba ta san shi ba, alheri kawai ta yi wa tsohuwa.

Kwana tara Inna ta yi tana roƙon a ƙaro mata, ta cika. Yarinyar ta bi ta bayan mako biyu. Ya koma kango, ya tarar ba boka, ba tukunya. Ranar da ya faɗa wa matarsa gaskiya, ta zauna a tsakar gida tana kwaɓa ƙasa da ruwa, ba ta ƙara gane kowa ba.

Da hannunsa ya rushe tanderun farko, ya tona har farcensa suka fita, bai sami ƙullin ba. Yanzu yana yawo shago-shago ba takalmi, yana fizge burodi daga hannun mutane, suna dukansa.

Kai da ke hangen dukiya ta kowace hanya, ka ji da kyau. Ranar da ka yarda a cuci wanda ba ka sani ba don ka samu, ranar ka buɗe ƙofar gidanka, kuma ba kai za ka zaɓi wanda za a fara ɗauka ba.