Sai An Cire Auduga

"Yau kuma kabarin wa za a tono mana?"

Hisham ne ya yi tambayar yana dariya, yana tsiyaya gahawa a finjali a tsakar gidansu da ke unguwar Alsawra, kusa da Khartoum. Matarsa Zakiyya ta ɗago kai daga wayarta ta harare shi.

"Ba kabari nake tonowa ba, ya zol, bawan Allah! Mutane nake nema tun suna da rai."

Tun tana jami'a a Khartoum wannan sha'awa ta kama ta. Duk ranar hutu takan bi tsofaffin Hausawan Dar Salam, unguwar mahaifinta, tana naɗar muryoyinsu a waya: wane ne ya taso daga Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, wane ne daga Katagum, kuma wane gari ne ya riƙe shi har hanya ta zama gida. Hisham yana tsokanarta, amma shi yake kai ta, shi yake ɗauko ta.

Abu guda ne ke ci mata rai. Hajja Iman, mahaifiyar Hisham, ba ta yarda da auren ba sai da sharaɗi: a bar Hausa a bakin ƙofa kamar yadda ake cire takalmi. "Mu Larabawan bakin kogi ne," in ji ta. Zakiyya, wadda ba ta iya ganin rashin adalci ta yi shiru, ta haɗiye wannan saboda so.

Ana haka aka kawo Habboba Kubra, kakar Hisham ta wajen uwa, daga wani ƙauye na Jazira, yankin gonakin auduga, bayan rasuwar 'yar da ke riƙonta. Aka sa ta a ɗakin baya. Hajja ta ce tsufa ya rikita ta, kada kowa ya kula surutunta. Kowace safiya tsohuwar takan ƙulle tufafinta a zane, ta aza a ka, ta nufi ƙofar gida, har dai aka fara kulle ɗakin.

Wata safiya Zakiyya ta kai mata shayi. Tana murɗa makulli ta ji murya daga ciki.

"Ku buɗe mini! Ayari ya tashi, Inna ta yi gaba, za a bar ni!"

Saura kaɗan faranti ya suɓuce mata. Hausa ce tsantsa, irin ta mutanen da.

Ta san wannan kuka, ta kuma san maganinsa, domin tsofaffi da yawa sun ba ta labari. Idan masu tafiya suka tsaya ƙwadago a gonakin Jazira don neman guzuri, yara suka dami iyaye da tambayar ranar tashi, amsa ɗaya ake ba su, shekara bayan shekara. Ta durƙusa, ta danna rikodin bisa sabo, ta ce a hankali, "Iya, ayari bai tashi ba. Madugu ya ce sai an cire auduga."

Tsohuwar ta tsaya cak. Ta sauke ƙullin, ta zauna a bakin gado, ta miƙa hannu ta karɓi shayi.

"To, alhamdulillahi. Ke 'yar gidan wa ce? Ni ce Sabuwa, 'yar Alu majemi."

"Da wane yare kike magana a gidana?"

Hajja Iman ce tsaye a bakin ƙofa.

Da Hisham ya dawo daga aiki da la'asar, Hajja ta gaya masa abin da ya faru, bai ko zauna ba.

"Goge muryar da kika naɗa, Zakiyya. Yi dilit yanzu a gabana!"

"Ashe ka sani?"

"Na sani, ban sani ba. Abu ne da ba a faɗa." Ya dafe goshi. "Ke ba ki san abin da Yumma, mahaifiyata, ta gani ba. A makaranta yara suna binta da waƙar baƙuwa, alhali a nan aka binne cibiyarta. Mahaifinta ya tsufa yana safa da marwa a ofisoshi, ana ce masa ya kawo shaidar shi ɗan ƙasa ne. Ta gina mana katanga, ke kuma kin zo da digarki ta jami'a!"

"An zalunce ta, ban musa ba. Amma wadda ke kulle a ɗakin can, wa ke zaluntarta yau?"

Zakiyya ta goge muryar, ta juya masa fuskar wayar ya gani.

"Muryar taku ce, ba tawa ba. Sai dai in tsohuwar nan ta kira da Hausa, wallahi zan amsa. Ba zan zama kurma don a zauna lafiya ba."

"To ki je inda ake amsawa!" in ji Hajja daga tsakar gida.

Zakiyya ta dubi mijinta tana jiran kalma ɗaya. Ya sunkuyar da kai. Ta yafa mayafinta ta fita, hawaye na zuba har ta isa Dar Salam.

A can zuciya ta ci ta. Ta gaya wa mahaifinta, Malam Muhammad Auwal, cewa za ta rubuta komai a fesbuk, duniya ta ga masu ƙyamar nonon da suka sha.

Malam ya ajiye carbinsa. "Tsofaffin nan da suka buɗe miki cikinsu, bulala suka ba ki ko amana?"

"Baba, gaskiya ce fa!"

"Gaskiya ce. Amma ba duk mai rufe asalinsa ne mai girman kai ba, 'yata. Wani miki yake rufewa. In kika fizge tsumman da ƙarfi, da fata zai taho."

Kame bakin ya fi mata kowace jarrabawa wuya, amma ta daure. Ba ta rubuta ba, ba ta kira ba.

Kwanaki suka shuɗe. Ran nan da tsakar rana sai ga Hisham, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya gaida Malam, sannan ya tsuguna gaban matarsa.

"Habboba ta daina cin abinci. Tana zaune da ƙulli a ka, wuyanta har ya sage. Likita ya ce jikinta lafiya." "Na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana. Ki yafe mini, ki koya mini abin da kika gaya mata."

A cikin rakasha, keken haya mai ƙafa uku, ta yi ta nanata masa, yana maimaitawa kamar ɗan makarantar allo. Da suka isa Alsawra ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wadda ta ce in fita ita za ta ce in shiga. Je ka."

Ta kafar ƙofa take hangen komai. An fito da tsohuwar inuwar darbejiya, ƙulli a kanta. Hajja Iman na gefe da kwanon kunu da ya huce. Hisham ya durƙusa.

"Habboba... ayari bai tashi ba. Madugu ya ce... ya ce..."

Sauran ya ɓace masa. Tsohuwar ta zuba masa ido, ta fara yunƙurin miƙewa. Zakiyya ta ciji leɓe, kalmomin na kan harshenta, ta hana su fita.

"Sai an cire auduga, Inna."

Hisham ya waiwaya a firgice. Mahaifiyarsa ce, da harshen da bai taɓa ji a bakinta ba tun haihuwarsa.

"Sauke kayan, Inna. Ni ce, Rabi'atu."

Tsohuwar ta laluba fuskarta da yatsu, ta washe baki.

"Rabi! Ja'ira, ina kika shiga tun ɗazu nake ta kiranki?"

Hajja ta kifa kanta a cinyar uwarta ta fashe da kuka irin na yarinya. Sai da ta ba ta kunun nan cokali bayan cokali, sannan ta share ido ta dubi ƙofa.

"Na ga inuwarki, 'yata. Shigo, kada ki bar komai a waje. Kunna wayar nan kuma, Inna ta gaya mana ko mu su wane ne tun tana iya tunawa."

Hisham ya matsa wa matarsa a kan tabarma. "Ki riƙa fassara mini," ya raɗa mata, "kafin in iya."

Da Zakiyya ta tona asirin surukarta, da ta ci gardama ta rasa gida. Ta riƙe gaskiyarta ba ta mayar da ita makami ba, sai Allah ya ba ta mijin da tarihin gaba ɗaya. Asali ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a tsangwami mutum har ya kasa amsa kiran uwarsa. Wanda kuwa aka yi wa haka, haƙuri ke dawo da shi gida, ba gori ba.