Baƙin Salatif a Kan Fitila

Ranar da suka fara haɗuwa ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ta shigo garejin da sabuwar motar Babanta, ta fito tana huci.

"Waye babba a nan? Motar nan ba ta da lafiya. Ina taka totur a hawan gidanmu sai ta saki jiki, wata fitila tana ta ƙifta min ido."

Wani dogon bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu. Ya tambaye ta ko fitilar mai hoton 'yar mota ce da layi biyu a karkace a bayanta. Ta ce ita ce.

"Lafiyarta ƙalau, ranki ya daɗe. Idan taya ta fara zamewa a santsi, motar tana ji, sai ta rage wa injin ƙarfi da kanta har tayar ta kama ƙasa. Ke kina cewa a tafi, ita tana cewa a bi a hankali. Ta fi ki haƙuri ne kawai."

"Au, zagina ma za ka yi?"

"Ni na isa?"

Ko sifana bai ɗora wa motar ba, amma da lambar wayarsa ta tafi. Kafin damina ta yi nisa ya raɗa mata suna Totur, saboda ba ta san a hankali ba, ita kuma tana kiran sa Baƙin Mai.

"Totur, kin ci abinci, ko yau ma faɗa kika ci?" zai rubuto.

"Baƙin Maina, na ci. Kai dai ka wanke hannu kafin ka taɓa min zuciya."

Akwai wanda wannan soyayyar ta tsone wa ido, wato dillalin da ya sayar wa Baba motar, ɗan amininsa ne, mai farar shadda da yawan turare. Ya daɗe yana zarya ba ta ko kallon sa. Da Baba ya yi masa ƙorafin motar tana mutuwar jiki in ana ruwa, sai ya dafe kai.

"Baba, ba garejin yaron nan aka kai ta ba? Ai an gama da ita. Ya zare kayan injin ya sa tsofaffi."

Baba mutum ne mai saurin hawa. Washegari ya je garejin, gaban masu mota da masu wankin mota na maƙwabta, ya kira Baƙin Mai ɓarawo sau uku, ya ce in ya sake ganin sa a ƙofar gidansa sai ya ɗaure shi. Cikin mako guda rabin masu kawo gyara suka janye. Dillali kuwa ya karɓi motar kwana biyu, ya dawo da ita yana cewa ƙarfinta ya dawo.

Totur ba ta yi kuka ba. Haushi ne ya cika ta har wuya, ta rantse sai ta ga dillali ya tozarta a wurin nan da aka tozarta masoyinta, gaban idanun nan.

Wata safiya ta tayar da motar, ta lura 'yar fitilar ba ta ko haska ba. Ta shafa wurin da yatsa, ta ji tudu. Guntun baƙin salatif ne aka liƙe, har wuri biyu. Ta ɗauki hoto ta tura wa Baƙin Mai.

Amsa ta zo nan take: "Fiyus ɗin na'urar da ke rage ƙarfi a santsi dillalin ya cire, ya rufe fitilun gargaɗi. Motar ba ta da mai tsaron ta a santsi yanzu. Ki faɗa wa Baba yau."

"Ba yau ba. Sai na tara masa mutane."

"Totur, ramuwarki ba ta kai ran Baba ba. In aka yi ruwa fa?"

Ta daɗe tana kallon saƙon. Mutumin da aka kira ɓarawo shi ne ke jin tsoron kar mai zagin nasa ya ji ciwo. Son sa ya ƙara kama ta, amma fushin bai ragu ko kaɗan ba. Sai ta ɓoye mukullin motar a jakarta, kwana uku Baba yana neman sa yana faɗa.

A rana ta huɗu ta "tsinto" shi, ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, na gane gaskiya. Ina so mu je garejin nan da Yaya dillali, ya nuna wa yaron yadda ake gyaran mota, ya ji kunya."

Baba ya yarda, suka nufi garejin, dillali har da sabuwar hula. Bai san tun safe ta roƙi masu wankin mota su saki tiyo da ruwan sabulu a kan simintin hawan garejin ba, an kuma kawar da kowa daga gefen.

"Yaya, hau da ita mu ga ƙarfin," ta ce da murmushi.

Ya shiga, ya sauke gilashi don a gan shi, ya danna totur har ƙasa. Injin ya yi kururuwa, tayoyi suka kama juyawa a wuri ɗaya, motar ta sulale gefe ta daki tulin tsofaffin tayoyi. Bokitin tsohon mai da ke saman tulin ya kife ta tagar, ya wanke farar shadda tas.

Totur ta buɗe ƙofa, ta ɓare salatif ɗin, ta ɗora a tafin hannun Baba.

"Ga gyaran nasa, Baba. Abin da ke hana ka faɗawa rami shi ya kashe."

Baƙin Mai ya ɗauko sabon fiyus. Ya sa shi, ya zaunar da Baba a gefensa, ya taka totur a santsin nan. Fitila ta ƙifta, injin ya sassauta murya, motar ta haye sumul.

Dillali ya fara zamewa, ta tare shi.

"Ina za ka? Sau uku aka ce ɓarawo a nan. Sau uku za ka ce ƙarya ka yi, da ƙarfi, masu wankin mota ba sa ji sosai."

Ya faɗa, mai yana ɗiga daga hularsa. A na ukun ta ce ba ta ji ba, ya ƙara na huɗu.

Baba ya kama hannun Baƙin Mai da maiƙonsa da komai.

"Ɗana, a nan na zage ka, a nan nake roƙon ka yafe min. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure kafin damina ta ɗauke. Da za su tafi gidansu ana yayyafi, Baba ya miƙa wa ango mukullin motar, ya sa musu albarka, sannan ya nuna 'yarsa da haɓa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Wannan tun tana ƙarama nake neman abin da zai rage mata wuta, ban samu ba sai yau."

Amarya ta fisge mukullin ta zauna a sitiyari. A kwanar farko fitilar ta ƙifta, ango ya ɗora hannunsa a kan nata, ita kuma ta ɗaga ƙafa daga totur.