Hannun Dama, Malam

Ranar da na jefa motata cikin rami, jim kaɗan bayan mun shiga Laos, ranar ce 'yata Namfon ta ga mijin da za ta aura. Ni kuwa abin da na gani shi ne buhunan kofi suna nufo ni.

A ƙasarmu Thailand, hannun hagu muke tuƙi. Da ka tsallake iyakar Chong Mek, sai ka koma hannun dama. Kowa ya san haka, balle ni da na tsufa ina koyar da tarihi a garin Ubon. Amma duk shekarar da muka tafi bikin haikalin Wat Phu, a garin kakannin matata Lamduan, takan jira a buga mana hatimi a ɗaga sanda, sannan ta dafa gwiwata ta ce, "Hannun dama, Malam."

In ce, "Na sani."

Ta ce, "To."

Lamduan ta rasu da damina. Da watan biki ya zagayo, Namfon ta nace sai mun je mun yi sadaka da sunan uwarta. Ita ta zauna a gaba, rungume da furanni, tana kallon taga. Aka ɗaga sanda. Ba wanda ya tuna mini, na ci gaba a hannun hagu, sai ga mota a gabana, na kauce na faɗa rami.

Mai akori-kurar da na kusa yi wa gaba da gaba ya taka birki har ƙura ta rufe mu, ya diro a guje. Saurayi ne dogo, wuyansa naɗe da gyale irin na mutanen kan dutse.

"Kawu, lafiya? Ba wanda ya ji ciwo?"

Na ce, "Lafiya lau. Ina auna zurfin ramukan ƙasarku ne."

Bai yi dariya ba, don a lokacin Namfon ta fito ta ɗaya ƙofar, ganyen fure ya watsu a gashinta. Ya tsaya yana kallonta kamar an zare masa batir.

"Ƙanwata, ke fa?"

"Ni lafiyata ƙalau. Furannin Mama ne suka ji jiki."

"Akwai wata tsohuwa a gindin matakalar haikalin, tana haɗa waɗanda suka fi waɗannan kyau. Idan Kawu ya yarda, sai in kai ku."

Kawu bai yarda ba, amma ƙafar motar Kawu ta karkace. Aka ja ta zuwa gareji a Pakse, mu kuma muka shiga akori-kurar. Sunansa Khamla, manomin kofi daga Paksong. Na zauna a tsakiyarsu da gangan, birkin hannu yana sukata har Champasak, garin da haikalin yake.

Matakalar Wat Phu ba a yi ta don tsofaffi ba. Muna hawa a inuwar itatuwan champa masu furanni masu ƙamshi, ina yi musu bayanin sarakunan Khmer da suka gina wurin, da abin da masana suka faɗa, da inda masanan suka yi kuskure. Da na waiga, ba mai saurarena sai wani kare. Su biyun suna can ƙasa, yana nuna mata inda za ta sa ƙafa, a matakalar da take hawa tun tana 'yar shekara biyar.

A sama muka kunna turare, muka ba sufayen da ke ibada a haikalin sadaka, muka ambaci sunan Lamduan. Bayan haikalin akwai ruwan da ke ɗiga daga jikin dutse. Lamduan takan tara da tafinta ta zuba mini a ka, in yi tsaki in ce za ta sa mini mura. Ran nan na tara da kaina. Namfon ta tara wa Khamla.

Da la'asar muka zauna a bakin kogin Mekong. Aka kawo gasasshen kifi da gishirinsa, da shinkafa mai danƙo a kwandon gora, da dakakkiyar ɗanyar gwanda da aka cika wa daddawar kifi da barkono.

Khamla ya ce, "Ku mutanen hagu sukari kuke zuba wa gwanda. Anya za ki iya cin tamu?"

"Uwata 'yar nan ce, Malam Ɗan Dama. Miƙo kwanon."

Ta ci, hawaye ya zubo mata, ta ƙi shan ruwa. Ya ce, "Na sallama, 'Yar Hagu." Sai ta fashe da dariya, dariyar da ban ji ba tun ranar da muka ƙona gawar uwarta. Ya kamata in yi murna. Sai na ture kifina gefe.

Bakaniken ya ce sai an aiko da ƙarfe daga wani gari. Khamla ya ce zama a Pakse zafi ne kawai, ya ɗauke mu zuwa Paksong. Muka ga ruwan Tad Fane yana faɗowa biyu a jere cikin hazo. Na karanta waƙoƙi da dama a kan irin wannan, don haka na san abin da ake so mutum ya ji, na koma mota na jira su. A gonarsu, mahaifiyar Khamla ta ba mu kofi mai kauri da madarar gwangwani, ta riƙe hannun Namfon ta daɗe ba ta saki ba. Gona ce mai kyau. Na duba ko'ina ina neman aibu, ban samu ba sai sanyi.

Da aka gyara motata muka kama hanyar gida. Tana da allon nan mai tona asirin waya. Namfon ta haɗa wayarta da shi don kiɗa, ta manta. Ba mu ko kai iyaka ba saƙo ya fito ɓaro-ɓaro:

"'Yar Hagu, kujerar da kika tashi a kai har yanzu ƙamshin champa take yi. Na hana kowa zama. Ki gaida Kawu, ki tuna masa hanya."

Ta kai hannu ta rufe allon, kunnuwanta sun yi ja.

Na ce, "Ƙamshin daddawar kifi dai. Kuma ki gaya masa na san hanya."

Watanni suka yi ta tafiya. Namfon takan dawo daga kantin maganin da take aiki ta yi girki tana waƙa, waya a aljihu. Ni kuwa na shiga lissafina. A al'adarmu, ango ne ke tarewa a gidan iyayen amarya, musamman in ita ce auta. Namfon ita ce fari, ita ce auta. Amma itacen kofi ba shi da fasfo, kuma Khamla shi kaɗai uwarsa ta haifa. Idan aka yi auren nan, gidana zai rage daga ni sai littattafai, su kuma na riga na san duk abin da za su ce.

Ban faɗi haka ba. Na ce mutanen can hanyarsu ba kyau, asibitinsu da nisa. Na fara gayyato Dokta Wirot cin abinci, wani likitan haƙori da na koyar, wanda gidansa ke bayan namu, mai murmushi kamar allon tallar asibitinsa.

Wata Lahadi Khamla ya iso da buhun kofi a kafaɗa, sanye da riga mai guga. Ya tarar da Wirot zaune a kujerar Lamduan yana yagar kaza.

Na ce, "Wannan Dokta Wirot ne. Ɗan gida ne, ko in ce ya kusa zama."

Khamla ya haɗa tafuka ya gaishe mu, ya ajiye buhun a bakin ƙofa. Ya dubi Namfon. Namfon ta dubi ƙasa. Ya ce yana sauri kada a rufe iyaka, alhali rana tana tsaka.

Na jira rigima. Na shirya hujjojina, har da na ƙarshe. Rigimar ba ta zo ba. Namfon ta sallami Wirot cikin ladabin da bai bar masa ƙofar dawowa ba, ta wanke kwanuka. Waƙa ta ɗauke daga kicin. Da yamma mukan zauna a baranda, ni da littafi, ita da hannuwanta a cinya, irin zaman da Lamduan ta yi a watanninta na ƙarshe. Na samu abin da nake so. Ban taɓa jin gidan ya yi faɗi haka ba.

Ana nan, wata safiya na kai ta kasuwa. Ta fita sayen kayan miya, ta bar jakarta a mota. Allon ya yi haske:

"Namfon, na gode da kika gaya mini gaskiya game da likitan. Na yi wauta da na tafi ban tambaye ki ba. Kin ce ba za ki iya barin Baba ba, ko gefen hanya sai an tuna masa. Na ji. Na yi wa Inna maganar sayar da gona, ta yi kuka, ta ce in yi abin da zuciyata ta ce. Kin ce in na sayar ba za ki yafe wa kanki ba. To ni yanzu ina zan sa kaina, 'Yar Hagu? Zan jira. Ban iya komai ba sai jira, kofi ya koya mini."

Na karanta sau biyu, har allon ya mutu. Ashe 'yar da na haifa ta auna ni, ta ga ba zan iya tsallaka titi ni kaɗai ba, ta yanke shawarar tsufa a gefena.

Washegari na ce mata zan je taron tsofaffin malamai. Na ɗauki fasfo.

A Chong Mek aka buga mini hatimi aka ɗaga sanda. Na tsaya cik, na baya suna ta oda. Na dubi kujerar da ke gefena. Sannan na ce da ƙarfi, ni kaɗai a mota kamar mahaukaci, "Hannun dama, Malam."

Ba wanda ya ce "To." Na koma dama.

Na sami Khamla yana baza kofi a rana da manjagara. Da ya gan ni manjagarar ta faɗi.

"Kawu! Namfon lafiya?"

"Ba lafiya ba. Ta daina waƙa, kuma girkinta ya lalace. Ka dube ni da kyau. Ni kaɗai na zo, ka ga rami a jikin motata?"

"A'a, Kawu."

"To sai ka gaya mata, ni ba za ta yarda da ni ba. Gonar nan kuma in ka sayar da ita, ba ni ba kai. Ka turo manyanka kafin in dawo hayyacina."

Ya durƙusa a kan kofin ya haɗa tafuka a goshi. "Baba..."

"Tashi, kana taka abin da za ka ciyar da ita."

Da na koma gida Namfon ta yi kuka, ta yi mini faɗa, ta sake kuka.

"Baba, wa zai dinga yi maka girki?"

"Kasuwa ba ta mutu ba."

"In ka yi rashin lafiya fa?"

"Akwai likitan haƙori a bayan gida, kuma ba shi da abin yi yanzu."

Bayan girbi aka yi bikin a gidana. Ango ya zo da ganguna da rawa, ƙawayen amarya suka tare ƙofa da sarƙar azurfa sai da ya yi roƙo. Aka zauna kewaye da hasumiyar ganyen ayaba da furanni, dattijo ya kira musu albarka, suka ciyar da juna dafaffen ƙwai. Shimfiɗar gadon amarya kuwa sai ma'auratan da suka tsufa tare ake ba wa, don sa'arsu ta bi yaran. Wanda matarsa ta mutu ba ya taɓa ko matashi. Aka kira maƙwabcina da matarsa, waɗanda unguwa ta shaida ba su wuni ba faɗa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Al'ada ba ta tambayar yadda aure ya kasance, tana duba ko duka biyun suna numfashi ne kawai.

Amma ɗaurin zare ba a hana uba. Na ɗauki farin zaren auduga na ɗaura wa Khamla a wuyan hannu, na ɗaura wa Namfon. Na shirya jawabi mai kyau, da kalaman magabata. Da na riƙe hannunta duk ya gudu.

Na ce, "Ku tsufa tare, har a riƙa kiranku shimfiɗar gado. In ta faɗa maka abin da ka riga ka sani, ka saurara."

Jama'a suka amsa. Namfon ta kifa kanta a gwiwata.

Ni na kai su Paksong da kayanta. Na kwana biyu, sanyi ya kore ni. A hanyar dawowa, ina jiran hatimi a bakin iyaka, allon ya yi haske. Wannan karon wayata ce.

"Hannun hagu, Baba."

Na rubuta "Na sani." Na daɗe ina kallon kalmomin, sannan na goge. Na rubuta, "Na gode, 'yata."

Aka ɗaga sanda. Na koma hagu, na kama hanyar Ubon, kujerar gefena ɗauke da buhun kofi. Shekara da shekaru mace tana dafa gwiwata a wurin nan, ina ba ta amsa ɗaya, ina jira wata shekarar in ba ta ta gaskiya.

Lamduan, ban taɓa tuna hannun dama da kaina ba. Ko sau ɗaya. Muryarki nake jira.