Sheƙa a Kan Maɗaci

Ranar Talata da hantsi, cikin ɗarin watan Janairu na 1993, mai unguwa ya aiko caji ofis na Karaye cewa an tsinci gawa a bakin kogin Chalawa. Sufeto Halliru ya bar shayinsa ko kurɓa bai yi ba, ya kira Kofur Sulle, suka kama hanya.

Mamacin wani makiyayi ne mai suna Hamma. Yana kwance rigingine kusa da gindin wani tsohon maɗaci. A sama akwai reshe da aka sara rabi, yana reto. Can ƙololuwa kuma ga wata ƙatuwar sheƙa, gaggafa biyu masu farin kai suna shawagi suna kuka.

"Faɗowa ya yi, ranka ya daɗe," in ji mai unguwa. "In ciyawa ta ƙare haka suke hawa, su saro wa shanu ganye."

Sufeto ya durƙusa. Ta baya mutumin ya faɗo, amma a goshi yake da rauni. Ƙasa kuma ta nuna ya ja jikinsa taku biyar kafin rai ya yi halinsa.

"To ina addar da ya yi saran?"

Aka duba ko'ina, babu adda.

Likita ya duba gawar kafin a yi mata sutura. Ya ce ƙashin baya ne ya karye, kuma mutumin ya kai awa biyu da ransa. Wannan magana ta tsaya wa Sufeto a rai.

Washegari ya je rugar su Hamma. Matarsa Hajo ta shiga takaba, don haka ta bayan zana ta amsa masa gaisuwa.

"Allah ya jiƙansa. Yana da abokin faɗa?"

"Amin, Yallaɓai. Sai dai Ilu masunci. Shanunmu sun taɓa yaga masa koma."

"Ya saba hawa wannan maɗacin?"

"Bai taɓa ba sai jiya. Saniyarsa ce ta haihu, ba nono, ya rasa abin ba ta."

Ilu na ɗinkin koma a ƙofar bukkarsa lokacin da suka iso. Ya rantse bai je wajen ba. Kofur Sulle ya ɗaga tulin komar, sai ga adda mai ƙotar fata.

"Ta wane ne?"

Ilu ya ajiye ɗinkin. "Na tarar da shi ya riga ya cika, Yallaɓai. Shaiɗan ya sa na ɗauka. Amma wallahi ban taɓa shi ba."

"Wa ka gani?"

"Ban ga kowa ba. Tun da sanyin safiya dai na ji tashin babur. Mutum ɗaya ne ke zuwa can da babur, Malam Abdulsalami mai ɗaukar hoton tsuntsaye."

Malam Abdulsalami malamin firamare ne a Karaye, siririn dattijo mai tabarau. Tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai. Bangon ɗakinsa kaf hotunan gaggafa ne: wata ta suri kifi, wata ta buɗe fukafukai a kan ruwa, da yawa kuma sun fito dishi-dishi.

"Shekara huɗu ina bin su," ya ce. "Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai. Mutane na cewa na taɓu."

"Ina kake ranar Talata da safe, Malam?"

"Ina kwance. Zazzaɓi ne ya kama ni tun Lahadi."

Sufeto ya ɗauki kyamarar da ke rataye, ya buɗe bayanta. Babu fim a ciki.

"Ya ƙare tun makon jiya," in ji Malam. Bai ɗago kai ba.

Shagon hoto ɗaya ne a garin da ke karɓar fim ya aika Kano a wanko. Mai shagon, Lukumanu, bai ɓoye komai ba.

"Ranar Talata da la'asar ya kawo. Ya ce in kula da shi kamar raina. Sai Asabar direba zai dawo da su."

Ranar Asabar Sufeto da kansa ya karɓi ambulan. Ya baje hotunan a kan teburinsa. Na farko-farkon duk sheƙar ce, ga wasu kawuna biyu ƙanana masu farin gashi sun leƙo. A uku na ƙarshe kuwa ga Hamma a kan maɗacin, adda a hannu, reshen ya fara tsagewa.

Ya aika aka zo da Malam. Ya tura masa hotunan. Malam ya ɗauki na 'ya'yan gaggafar, ya daɗe yana kallo.

"Ka san abin da ke cikin fim ɗin," in ji Sufeto. "Me ya hana ka ƙona shi?"

"Na kai shi bakin murhu, na kasa. Bana ne karo na farko da suka ƙyanƙyashe. Duk shekara ƙwan lalacewa yake."

"Faɗa mini abin da ya faru."

"Na roƙe shi. Na ce masa ga itatuwa nan da yawa. Ya ce duk an sare su, saniyarsa za ta mutu saboda tsuntsu? Yana sara, sheƙar tana girgiza. Na ɗauki dutse na jefa. Niyyata in tsorata shi ya sauko."

"Ya kuwa sauko," in ji Sufeto.

Malam ya cire tabarau ya ajiye.

"Da ya faɗo, yana magana?"

"Ya ce, 'Malam, ba na jin ƙafafuna. Kira mini mutane.'"

"Ka kira?"

"Na hau babur da niyyar in kira. Da na kai mararraba sai tsoro ya kama ni, na wuce gida."

"Awa biyu ya yi yana jiranka," in ji Sufeto. "Ya bar 'ya'ya huɗu."

Malam ya kifa kansa a kan tebur. Kofur Sulle ya ƙarasa rubuta bayani. Aka karanta wa Malam, ya sa hannu. Da aka zo da ankwa shi ya miƙa hannuwansa.

A bakin ƙofa ya tsaya ya waiwayo.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya. A hana mutane hawa maɗacin nan, ko wata biyu ne, 'ya'yan su yi fiffike."

Sufeto ya so ya yi shiru, amma bai saba ɓoye wa mutum gaskiya ba.

"'Yan'uwan Hamma sun kayar da shi ranar sadakar uku, Malam. Sun ce ba za su riƙa ganinsa ba."

Kofur Sulle ya kama gwiwar hannun Malam a hankali, suka wuce da shi.