Maƙwabci Na Biyar

Ranar Laraba bayan la'asar, Arzika ya ɗaure ragowar katunan gonaki a bayan babur, ya rataya jakar kwamfuta, ya bar Kebbe zuwa Fakku. Aiki ne ƙarami. Zai miƙa wa mai gari katunan ya juyo.

Arzika ɗan Tambuwal ne, autan Namadi tela, na biyar a ɗakin uwarsa. Shi kaɗai ya yi boko mai zurfi. Da aikin rajistar gonaki ya zo, shi aka ba tsara yadda bayanai za su zauna cikin kwamfuta. Tsarin XML ake ce masa. A fuskar kwamfuta kamar itace yake, akwatuna ne rassansa: gona, mai gona, faɗi, maƙwabci. In ka taɓa akwati, ƙaramar taga ta buɗe a gefe, ka gaya mata halinsa. Rubutu zai ɗauka ko lamba. Sau nawa zai zo, mafi ƙaranci da mafi yawa. Akwatin da yake dole, cikakken layi ke kewaye da shi. Wanda in ya zo to, in bai zo ba babu laifi, layinsa ɗigo-ɗigo ne. Duk abin da ya saɓa wa tsarin, kwamfuta jefar da shi take yi.

A akwatin maƙwabci aka samu saɓani.

Tsohon littafin gonakin Fakku yana hannun Malam Bube, da ajami, tun rubutun ubansa. Kowace gona maƙwabta huɗu: gabas, yamma, kudu, arewa. Amma gonaki goma sha ɗaya suna da layi na biyar. Babu suna. "Na ƙasa" kawai aka rubuta, da yawan takun da aka bar musu. Wurin ba a noma shi, ba a ɗaure dabba, ba a kunna wuta.

"Wannan fa, Malam?" Arzika ya tambaya ranar da suke kwafe littafin.

"Maƙwabci ne."

"Sunansa?"

"Ba a faɗi. Nan munka iske su. Kakanninmu sunka shirya da su: a bar musu wurinsu, a rubuta, su bar mu."

Arzika ya yi dariya. "Malam, gona kusurwa huɗu gare ta. Kwamfuta ba ta san na ƙasa ba."

"Ita ba ta sani ba, ko kai ne ba ka gaya mata ba? Ɗana, sa biyar. Mi za ya rage maka?"

Abin da zai rage masa, Arzika ya sani. Manyansa a Sakkwato za su duba tsarin, su tambaye shi wane ne na biyar, su yi masa dariya. Ya buɗe tagar, ya rubuta huɗu a mafi yawa. Layuka goma sha ɗaya suka fita. Aka buga katuna. Cikin gonakin akwai ɗaya da wani baƙo ya saya. Ya duba katinsa, bai ga kowa a tsakiya ba. Ranar Litinin ya kawo tarakta ta nome ta baki da baki.

Rana ta yi ja lokacin da Arzika ya iso gefen gonar baƙon. Nan babur ya mutu.

Ya buga. Shiru. Ya girgiza tanki, mai na nan. Ya sake bugawa.

Sai ya lura da shirun. Ɗazu zabi na kuka a daji. Yanzu ko gyare babu. Ganyen dawa a gonar maƙwabta ya tsaya cak.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, alhali kwana tara ba a yi ruwa ba. A bayansa wani wari, kamar ƙaurin gashi.

Bayansa ya ɗauki zafi. Jakar ce. Kwamfutar da ya kashe da hannunsa tun a Kebbe tana huci a ciki.

"Buɗe."

Muryar tsohuwa ce. Ba ta kunne ta shigo ba. Ta tafin ƙafarsa ya ji ta, ta hau ƙwaurinsa.

Ya duba tsakiyar gonar. Kunyoyin tarakta sun miƙe sambal, sai wuri ɗaya, kamar taku bakwai, inda ƙasa ke ɗagawa tana sauka. Kamar cikin mai barci.

"Buɗe, mai lissafi."

Ya zauna bakin hanya. Ya buɗe.

Itacen akwatunan na nan, amma ba nasa ba ne. A gindin an rubuta Namadi. Rassa biyar: Hassan, Atiku, Hindatu, Saudatu, Arzika. Tagar gefe a buɗe take. Mafi yawa: biyar.

"Ɗiya biyar gare ni," muryar ta ce a hankali. "Ranar Litinin ƙarfe ya bi ta kanmu. Sunka koma fuɗu."

"Ba ni na tuƙa ba, Iya."

"Shi takarda ya duba. Wa ya hana takarda ta faɗi?"

Kibiyar kwamfuta ta motsa. Hannunsa na kan gwiwarsa. Ta tafi sannu, ta tsaya kan biyar. Biyar ta goge.

Huɗu.

Layin akwatinsa ya fara dishewa.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. A wannan hanyar bai taɓa samun sabis ba. Ya ciro. Lambar uwarsa ce, kuma kiran daga wayarsa ya fita.

"Salamu alaikum. Wa ka magana?"

"Inna, ni ne. Autanki."

"Bawan Allah, ka ɓata lamba. Autata Saudatu ce, ga ta nan tana tankaɗe."

"Inna, Arzika ne."



"Allah shi haɗa ka da naka," ta ce da tausayi, ta kashe.

Ya dubi ƙasa. Rana na bayansa. Inuwar babur ta miƙe har cikin gona. Inuwar jaka na nan. Tasa babu.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, ya ji muryarsa ta yi nisa, kamar daga cikin rijiya. Yatsunsa sun yi sanyi. Yana ganin madannan kwamfuta ta cikinsu.

Ƙasar ta ɗago. Ta matso kunya ɗaya. Ta sake matsowa.

"Iya," ya ce da ɗan abin da ya rage na muryarsa. "Saura gonaki goma."

Ƙasar ta tsaya.

"Katunansu na bayan babur ɗin nan. Duk huɗu aka rubuta. Za a sayar, tarakta za ta zo. Ni na sa huɗun. Ni kaɗai na san inda take. In kin share ni, haka za ta zauna."

Warin ya cika masa hanci har ya tara ƙwalla. Batir ya nuna ja.

Can ƙarƙashin ƙasa ya ji wasu muryoyi, ƙanana, da yawa. Kamar ana gardama a ɗakin da aka rufe.

Itacen Namadi ya kau. Nasa tsarin ya fito.

Ya taɓa akwatin maƙwabci. Yatsansa ya wuce bai danna ba. Ya sake, da duk ƙarfinsa. Taga ta buɗe. Ya goge huɗu. Ya sa biyar. Ya janyo layukan da aka jefar, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da leɓe. Tara. Goma. Goma sha ɗaya.

Ya adana.

Ya rarrafa ya kwance katunan daga babur, ya yayyaga su a nan bakin gonar.

"Na gyara, Iya."

"Ka gyara takarda. Nawa bai dawo ba."

Itacen Namadi ya sake fitowa. Huɗu ta koma biyar. Akwatinsa ya dawo. Amma kibiyar ba ta tsaya ba. Ta taɓa sunansa, ta canza abu ɗaya a tagar gefe.

Layinsa ya zama ɗigo-ɗigo.

Kwamfutar ta mutu.

Gyare ya yi kuka. Daga Fakku ya ji ladan ya ɗaga murya. Ya buga babur, bugu ɗaya ya tashi. Bai waiga ba.

A ƙofar masallaci Malam Bube ya dube shi, ya dubi bayan babur da babu katuna. Bai tambaye shi komai ba. Ya miƙa masa buta.

An sake buga katunan da layi na biyar. A Sakkwato an yi masa dariyar da yake gudu, ya shanye. Baƙon ya bar taku bakwai a tsakiyar gonarsa, don abin da ya shuka a wurin bai fito ba.

Arzika yana nan da ransa, ya yi aure, ya haifa. Sai dai in ana rabon abu a ofis, shi ake tsallakewa, a dawo ana ba shi haƙuri. Wata rana inuwarsa na nan, wata rana babu.

Duk Sallah yakan je Tambuwal. Uwarsa takan jera kwanonin 'ya'yanta a tabarma, huɗu. In ya yi sallama ta ɗago ta dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙo. Saudatu ta sunkuya ta ce, "Inna, Arzika ne." Sai tsohuwar ta dafa ƙirji, ta tashi ta ɗauko kwano na biyar.

Bara Saudatu ba ta sami zuwa ba. Ya zauna a zaure har la'asar, aka aiko masa da ruwa a kofin baƙi.