Mai Gadin Kuɓewar Baba

“Zalika, wanga yaro mai bin ƙwari da waya, shi zan ba ɗiyata? Da mi za shi ci da ke? Da hoton hwara?”

Haka Baba ya tare ni tun ban sauke kwanon furar da na kawo masa garka ba. Garkarmu tana Garu, bakin kogi, kuma bana kuɓewa ta ƙi: ganye ya nannaɗe, ya yi danƙo. Ran Baba a ɓace yake, ga shi yau ne Halliru zai zo gaishe shi karon farko.

Halliru ya yi karatun noma, a Malanbil yake zaune. Aibinsa ɗaya ne: in ya ga ƙwaro a kan ganye, ko gobara ake sai ya ɗauke shi hoto. Ni dai haka nake son abina, son da na kasa ɓoyewa. Jiya har roƙonsa na yi.

“Don Allah gobe ka bar wayar ga cikin aljihu!”

“Zalikata, ko malam-buɗe-littahi ya sauka bisa hancina, ba ni motsi.”

Da hantsi kabu-kabu ya sauke shi, shadda fara tas. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi gaban suruki. Ni kuwa na laɓe bayan darni ina leƙe.

To, sunkuyon nan shi ya ja mana. Idonsa ya sauka daidai kan ganyen kuɓewa.

“Ɗan wa kake?” in ji Baba. “Mi kake sana'a?”

Halliru kuwa hannu ya zura aljihu.

Sai na ji ƙyas! Ya ɗauki hoto! Na dafe kai, na ce shi ke nan, aurena ya bi ruwa.

“Ina yi maka magana kana wasa da ƙwaro?” Baba ya daka tsawa. Ya leƙa ganyen, ya ga ɗan jan ƙwaro mai ɗigo-ɗigon baƙi. “Wanga ja'irin ma? Shi ya kashe min kuɓewa! Kullum da sahe sai na tsince su na murtsuke.”

“Baba, a gahwarce ni...” in ji Halliru. “Ba shi na ba. Duba ka gani.”

Ya ja hoton da yatsu biyu har ƙwaron ya cika fuskar wayar. A bakin ƙwaron ga wata 'yar mitsitsiyar halitta koriya. Ya juya ganyen, ga irinta nan danƙare a ƙasa.

“Darɓa ta, Baba. Ita ka tsotse ganye, shi ko ita yaka ci. Mai gadin garkarka na.”

Baba ya karɓi wayar, ya matso da ita, ya nisanta ta, ya sake matsowa. Can sai ya cire hula ya sosa kai.

“Shekara arba'in ina noma, ashe sati ukku mai gadina nika kashewa, ɓarawo na kallona!”

Ya fashe da dariya har da tari. Rabon da in ji dariyar nan tun farkon rani.

“Zalika, hito! Tun ɗazu na hangi ƙahwahunki ƙarƙashin darni.”

Na fito kamar kazar da ruwa ya daka.

“Ɗiyata, ni ban duba ba na yanke hukunci, ga ƙwaro, ga yaro. Shi ko sai da ya duba. Mai irin wanga hali ba shi zaluntar ki.” Ya juya ga Halliru. “Ka turo min manyanka ran Juma'a.”

Na rufe fuska da mayafi, ga dariya ga hawaye. Da gudu na nufi gida in gaya wa Inna, sai a ƙofa na lura na baro takalmina a garka.