Kofaton Katako

Shekarar da soja suka miƙa mulki, Tanko ya gaji da fitowa a matsayin aljani a finafinan barkwanci, yana ɗingishi da kofaton katako ana ta dariya. Wata magariba, bayan an tashi daga ɗaukar fim a Tarauni, ya zauna bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi yana jiran ɗan acaɓa, kofaton na cikin leda.

Wani dattijo mai warin tsohuwar rijiya ya zauna kusa da shi, ba sallama.

"Muna kallonka, yaro. 'Ya'yanmu har birgima suke don dariya. Sai dai mu ba ma ɗingishi."

"Ku su wa, Baba?" in ji Tanko, ko kai bai ɗaga ba.

Dattijon ya miƙe ya tsallaka titi a natse. Kwalta kuwa tana amsa masa: ƙwas, ƙwas, ƙwas.